KU DAINA YI WA WAYOYIN MUTANE FILASHIN KAFIN KU JI ABIN DA KE DAMUN SU

Yau ba darasin "danna nan, danna can" kaɗai na zo muku da shi ba. Faɗa na zo yi, kuma da 'yan sana'ata zan fara, mu masu gyaran waya. In na gama da mu sai in juyo kanku, ku masu kawo mana gyara. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, ni ma ta taɓa ni kafin ta taɓa shi.

Ka shiga shagon gyara da wayarka, ka ce wa mai gyara: "Oga, wayar nan tana fitar da ni daga WhatsApp." Tun ba ka rufe baki ba zai ce maka: "Sai an yi mata filashin." Tana zafi? Filashin. Tana nauyi? Filashin. Talla na faɗo maka a allo? Filashin. Bai kunna ta ba, bai tambaye ka yaushe abin ya fara ba, bai duba komai ba. Daga nan Unguwar Kanawa har titin Ahmadu Bello, har Farm Centre a Kano, wannan kalma ta zama mana kamar farasitamol, kowace cuta ita ake ba ta.

Ni dai abin da na ce shi ne: wanda ya goge wayar mutum alhali tana kunnuwa, bai fara bincikar abin da ke damun ta ba, wannan ba gyara ya yi ba. Ganganci ya yi da amanar da aka ba shi.

ABIN DA YA FARU DA NI

Ba wai na fi kowa ba ne. Lokacin ina yaron shago, wani dattijon tela ya kawo waya ana saura kwanaki kaɗan azumi. Ya ce, "Yaro, wayar nan sai ta yi ta kashe kanta tana kunnawa." Na ce, "Baba, zauna, yanzu za a gama." Ban tambaye shi komai ba, na jona ta a kwamfuta na goge ta tas. Da na miƙa masa ya shiga dubawa, sai na ga hannunsa na rawa. Ashe awon mutanen da suka kawo ɗinkin Sallah yana ciki, hotunan samfurin da kowace mace ta zaɓa suna ciki, lissafin wanda ya biya da wanda ake bi duk yana ciki. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka tambaye ni, ɗana."

Abin da ya fi ƙona min rai, bayan kwana biyu ya dawo, wayar na nan tana kashe kanta kamar yadda ya kawo ta. Katin memorin da ke ciki ne ya lalace. Ana zare shi ta tsaya. Aikin minti ɗaya, na sa bawan Allah asarar da har yau in muka haɗu a hanya ba na iya haɗa ido da shi.

Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. To mu rumbun wani muke ƙonawa, sannan mu karɓi kuɗin aiki.

Kada wani ya ce maka ai za a dawo da kayan da wata manhaja. A da can an ɗan dace. Yanzu wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama a kulle suke adana fayiloli, kuma da zarar an goge wayar mabuɗin ma ya tafi. Babu manhajar da za ta dawo da shi. Ga kuma makullin Google da aka sa tun Android 5.1, wanda bayan gogewa zai tsaya maka a ƙofa ya ce sai imel da kalmar sirrin da ke kan wayar a da, mutanenmu da yawa kuwa wani ne ya buɗe musu imel ɗin, ba su ma san shi ba. Ga masu danna "Format All" a SP Flash Tool, su kwashe har da lambar IMEI, waya ta tashi babu sabis. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

INDA NA KOYI HANKALI

Za ku yi mamakin inda idona ya buɗe. Ba a shago ba ne, a wajen wasa ne.

Da dare in an tashi daga aiki ina ɗan koyon Python. Ina cikin haka na ci karo da wani irin wasa da ake kira MUD. Babu hoto ko ɗaya a ciki, rubutu ne zalla. Ka rubuta "arewa" a gaya maka inda ka isa da abin da ke wurin, ka rubuta "ɗauki" ka ɗauka, kuma mutane da yawa na ciki lokaci ɗaya suna haɗuwa da juna. Tsohon abu ne, tun 1978 Roy Trubshaw ya fara shi a Jami'ar Essex da ke Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi. Yau akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Evennia, da Python aka rubuta ta, wadda za ka gina naka wasan a kai.

Ni da abokaina muka gina ƙaramar Kaduna da Hausa. Akwai Kawo, akwai Malali, akwai Kasuwar Barci, akwai mai shayi. Laftof ɗina ce uwar garke, wato kwamfutar da wasan ke zaune a kanta, su kuma su shigo ta burauzar wayarsu in na kunna musu hospot. Na sa ɗan adaidaita ɗaya da ke ɗaukar mutum huɗu daga Kawo zuwa kasuwa.

Sai matsala ta ɓullo. In an ɗan jima ana wasa, sai ɗan adaidaitan ya fara ce wa kowa "a cike nake", alhali babu kowa a ciki. Me na yi? Abin da na saba yi a shago. Na kashe na kunna. Nan take ya gyaru. Gobe ya dawo. Na sake kashewa na kunna. Kusan sati biyu ina wannan aiki, ana kashe maciji ba a sare kansa.

Dalilin kuwa shi ne, na ajiye jerin fasinjojin a wurin ajiya na wucin gadi, wanda Evennia ke kira ndb. Duk abin da ke nan, ana sake kunna wasan yake gogewa. Ka ga kenan duk lokacin da na kashe na kunna, da hannuna nake share shaidar da za ta nuna min ɓarawon.

Daga baya na koyi yadda ake jona dibaga. Dibaga wani kayan aiki ne da ke ba ka damar leƙa cikin manhaja tana cikin aiki, ka tsayar da ita a daidai layin da kake zargi, ka ga abin da ke cikin cikinta a wannan lokacin. Ga yadda na yi, don masu sha'awa:

1. A kwamfutar da wasan ke kai, ka rubuta pip install debugpy.

2. Ka sauke VS Code, manhajar rubuta kod ta Microsoft, kyauta ce. Ka sa mata ƙarin Python.

3. Ka jira sai matsalar ta taso. Kada ka kashe wasan. Nan ne sirrin yake.

4. Ka shiga wasan a matsayinka na mai gida, ka rubuta: py import debugpy; debugpy.listen(5678). Wannan ya buɗe ƙofa mai lamba 5678.

5. A VS Code ka buɗe Run and Debug, ka zaɓi Remote Attach, ka sa localhost da 5678.

6. Ka buɗe fayil ɗin da kake zargi, ka danna gefen lambar layin, jan ɗigo zai fito. Nan wasan zai ci birki.

7. Ka koma wasan ka yi abin da ke jawo matsalar. Yana isa jan ɗigon zai tsaya. F10 na tafiya da kai layi bayan layi, F5 na sakin sa ya ci gaba.

Na rubuta "hau adaidaita", wasan ya tsaya cak. Na duba gefen hagu inda ake nuna abin da kowane suna ke riƙe da shi. Sai ga sunayen abokaina huɗu a cikin adaidaitan, waɗanda tun ɗazu suka tafi gida. Ashe duk wanda cajinsa ya ƙare ko ya fita daga wasan yana kan hanya, sunansa na nan zaune a kujera. Ban taɓa rubuta layin da zai sauke shi ba. Layi uku na ƙara, har yau abin bai dawo ba.

Gargaɗi biyu ga wanda zai gwada. In wasan ya tsaya a jan ɗigo, kowa da ke ciki ya tsaya, saboda haka ka gaya musu tukuna. Sannan ƙofar 5678 ta tsaya a cikin kwamfutarka kaɗai, kada ka buɗe ta ga intanet, don duk wanda ya shigo ta nan zai iya sarrafa kwamfutarka yadda ya so.

A daren nan na kasa barci, telan nan kawai nake tunawa. Abin da na yi wa wasana na sati biyu, shi na yi shekaru ina yi wa wayoyin mutane. Bambancin kawai, wasa ba ya rasa awon ɗinkin kowa.

WAYARKA MA TANA DA IRIN WANNAN ƘOFA

Kowace wayar Android na rubuta labarin abin da ke faruwa a cikinta, daƙiƙa bayan daƙiƙa. In manhaja ta faɗi, sai ta rubuta wacce ce, da ƙarfe nawa, da abin da ya kayar da ita. Ita wayar tana magana, mu ne ba ma saurare. Kuma kayan saurarenta kyauta ne, Google da kansa ke ba da shi, sunansa ADB, yana cikin Platform Tools.

1. Shiga Settings, ka nemi About phone. A wasu wayoyin Tecno da Infinix za ka ga My phone. A Samsung sai ka ƙara shiga Software information.

2. Danna Build number sau 7. A Redmi lambar MIUI ko HyperOS ake dannawa. Tun Android 4.2 aka ɓoye wannan sashe don kada a taɓa shi da kuskure.

3. Koma baya ka nemi Developer options, yawanci yana cikin System. Kunna USB debugging.

4. Jona wayar da kwamfuta da kebul mai ɗaukar data, ba irin na caji kawai ba. Wayar za ta tambaya ko ka yarda da wannan kwamfutar. Mai wayar ne ya kamata ya danna da hannunsa.

5. A kwamfuta rubuta adb devices. In ka ga lambar wayar, an haɗu.

6. Rubuta adb logcat -b crash, sannan ka buɗe manhajar da ke faɗuwa. Ka nemi inda aka rubuta FATAL EXCEPTION. A ƙasansa akwai Process, nan sunan mai laifin yake, layin da ke biye kuma dalilin.

7. adb shell dumpsys battery zai nuna maka halin batir da zafinsa. In ka ga 410, ma'ana digiri 41 ne. adb shell pm list packages -3 kuma zai jero duk manhajojin da aka ɗora wa wayar daga baya, har da masu ɓoye fuskarsu daga allo.

Kwanaki wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kawo waya, manhajoji na ta rufewa. An riga an ce mata filashin, ta ƙi, don duk kwastomominta a ciki suke. Na ce, "Hajiya, ba ni minti ashirin." Na jona, na buɗe, sai ga shi an rubuta ɓaro-ɓaro: "database or disk is full". Ma'adanar wayar ce ta cika maƙil da bidiyon guruf-guruf. Muka kwashe su zuwa kwamfuta a gabanta, waya ta dawo daidai, ko lamba ɗaya ba ta rasa ba.

Ku tuna watan Maris na 2021. Rana ɗaya Gmail da manhajoji da yawa suka dinga rufewa a wayoyin Android a faɗin duniya. Babu wayar da ta lalace. Wani ɓangare ne mai suna Android System WebView aka sabunta da kuskure a ciki, maganin kuma a shiga Play Store a sabunta shi tare da Chrome. Duk mai gyaran da ya goge wayar mutum a ranar, ya raba shi da kayansa a kan abin da kyauta ake gyarawa cikin minti biyar.

NA SAN ABIN DA ZA KU CE

Za ku ce, "Malam, ba mu da lokaci, mutane na jira." Filashin fa ba nan take ake yin sa ba. Sai ka nemo fayil ɗin da ya dace da wayar, ka ƙona data ka sauke, ka yi addu'a kada a ɗauke wuta a tsakiya, sannan ka zauna faɗa da makullin Google. Karanta rahoton waya bai kai rabin wannan ba. Gaskiyar da ba ma so a faɗa ita ce, filashin ya fi kawo kuɗi. In ka ce wa mutum katin memorinsa ne, nawa za ka karɓa? In ka ce filashin, ka san abin da za ka caje shi. To ni na ce a sa wa bincike kuɗinsa a fili. Likita ma ana biyan kuɗin ganin sa ko bai yi tiyata ba. Gara ka karɓi kuɗin bincike da halaliyarka, da ka karɓi na aikin da ba a buƙata.

Za ku ce, "Rubutun duk Turanci ne." Ni ma sakandare na gama, ba jami'a na je ba. Ba duka ake karantawa ba. Kalmomi kaɗan ne ke maimaituwa, in ka saba da su shi kenan. Wanda ya gagare ka, kwafe layin ka sa a Google, da wuya ka zama na farkon da ya gamu da shi. Mu da muka iya ɗaga IC da iska mai zafi ba mu ƙona na kusa da shi ba, layi biyar na Turanci ne zai gagare mu?

Za ku ce, "Ba kowa ke da laftof ba." Wanda ke filashin da me yake yi? Kuma ko babu kwamfuta, akwai Safe mode, da ke tayar da waya ba tare da manhajojin da aka ɗora mata ba. In matsalar ta ɓace a can, ka san wata manhaja ce, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai zare katin memori. Akwai duba ko ma'adana ta cika. Akwai Bug report a cikin Developer options. Akwai ma tambayar mai wayar, "Me ka ɗora mata kafin abin ya fara?" Wannan ko sisi ba ya ci.

Za ku ce, "Ai akwai wayar da dole sai filashin." Ƙwarai kuwa, ban musa ba. Wayar da ta maƙale a tambarin kamfani ba ta wucewa, ko wadda sabuntawa ta yanke mata a tsakiya, wannan ADB ba zai shiga ba in ba a riga an kunna shi an amince da kwamfutar ba. Filashin magani ne, amma na ƙarshe. Ko a nan ma sai ka kalli mai wayar ka ce masa, "Komai na ciki zai tafi, ka yarda?" In ya yarda, ka fita haƙƙinsa.

SAURA KU MASU WAYA

Ku ma kuna da naku laifin. Wani zai shigo yana cewa, "Oga, yi mata filashin kawai, sauri nake." Ka tsaya yi masa bayani ya ce ba ka iya aiki ba, ya wuce shagon gaba. Ku ne kuke ɓata mu. Ɗan uwa, 'yar uwa, kafin ka miƙa wayarka ka yi tambaya uku: Me ka gani ya lalace? Kayana za su tafi? Akwai wata hanya kafin gogewa? Mai gyaran da ya fusata don ka yi waɗannan tambayoyi, karɓi wayarka ka ƙara gaba.

Ka san imel ɗinka da kalmar sirrinsa, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Ka kunna ajiyar WhatsApp a Google Drive, ka kuma dinga dubawa ko tana tafiya, don tun 2024 ajiyar na cin daga cikin gigabait 15 da Google ke ba ka kyauta, in ya cika ta tsaya.

Sai abu mafi muhimmanci. Ƙofar da na koya muku buɗewa, wuƙa ce mai kaifi biyu. Kwamfutar da ka amince da ita za ta iya kwashe hotunanka, ta iya ɗora maka manhaja ba ka sani ba. Saboda haka a yi binciken a gabanka. In an gama, shiga Developer options ka danna Revoke USB debugging authorizations, ka kashe USB debugging, ka kashe sashen gaba ɗaya. Wasu manhajojin banki ma ƙin buɗewa suke in sun ga yana kunne. Mai gyara na gari shi zai tuna maka da wannan tun ba ka tambaya ba.

Abokan sana'a, wayar da ake ajiye mana a kan tebur ba allo da batir ba ce kawai. Jarin wani ne, muryar mahaifiyar wani ce da ta rasu, takardun makarantar wani ne. Yaran da ke koyo a hannunmu kuma abin da suka ga muna yi shi za su ɗauka, kamar yadda ni ma na ɗauka na je na cuci tela. A shagona yanzu doka ce, yaro ba ya taɓa kebul ɗin filashin sai ya gaya min abin da ya gani a wayar da yadda ya gan shi.

Ka gwada a wayarka ta kanka yau da dare, kafin gobe wani ya kawo maka tasa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a sana'a.